Zauren Kwamfutar Makafi: Wanda Ya Yi Mana Aiki Kyauta, Muna Binsa Bayani?

Wasiƙun wannan watan sun taru wuri guda kamar an haɗa baki. Duk a kan ƙananan shirye-shiryen nan ne da 'yan sa-kai ke rubutawa su liƙa wa manhajar karanta allo, don ta iya karanta abin da a da take tsallakewa. Na manhajar NVDA muna ce musu ƙari, na manhajar JAWS kuma sikirif. Na taƙaita tambayoyin, na cire sunaye kamar yadda muka saba. Ga waɗanda yau suka fara leƙo filin: ni makaho ne, a nan Jos nake koyar da 'yan'uwana kwamfuta, kuma duk abin da zan faɗa da kunne na san shi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, ina aji uku. Wani a rukuninmu na WhatsApp ya turo ƙarin NVDA, ya ce yana gyara karatun haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Na saka, ya kuma yi aiki, ba ƙarya. Amma tun daga ranar, in na danna maɓallin NVDA (Insert ko Caps Lock) da Shift da B don in ji sauran caji, sai wata 'yar ƙara kawai, ba magana. Kwamfutar ta sha mutuwa ina tsakiyar aikin da za a miƙa. Da na sabunta NVDA kuma sai ƙarin ya daina aiki ɗungurungum. Na tambayi wanda ya rubuta shi me ya hana ya haɗo da bayani, ya ce ai ba biyansa na yi ba. Abokaina sun ce in yi shiru, da babu gara ba daɗi. Ina da haƙƙin neman bayani ko ba ni da shi? Daga ɗalibi, Naraguta.

AMSA: Ƙanena, kana da shi. Amma mu fara raba abin da kake binsa da abin da ba ka binsa, don a nan kuka sarƙe.

Ba ka binsa gyara. Ba ka binsa ya ɗauki wayarka ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ba ka binsa ya riƙe abin har ka gama digiri. NVDA ɗin kansa da sa-kai ya fara. Michael Curran ne ya soma rubuta shi a Ostareliya a 2006, James Teh ya shigo suka ci gaba tare, su biyun duk makafi, saboda a lokacin kuɗin manhajar karanta allo kan fi na kwamfutar kanta. Lasisin da aka sake shi a kai, GPL, ya faɗa ƙarara cewa babu garanti, kuma yawancin masu rubuta ƙari shi suke bi. Saboda haka wanda ya hana kansa barci ya gyara maka ɗ da ƙ, gode masa ya zama wajibi kafin komai. In da tsawa ka fara yi masa magana, ban yi mamakin amsar da ka samu ba.

Abin da kake binsa shi ne ya gaya maka abin da ya taɓa a cikin kwamfutarka. Wannan ba alfarma ba ce, kuma rashin biya ba ya sauke shi. Mai ido in manhaja ta yi masa gardama, yana ganin akwatin gargaɗi, ya kai linzami ya rufe ta ya ci gaba da harkarsa. Mu kuwa ƙari a cikin abin da muke ji da shi yake zaune. Ranar da ya rikice, bakin da zai gaya mana an samu matsala shi ne ya rikice. Ƙari ba bayani kamar haɗin ƙwayoyin nan ne da yaron kemis ke ƙulla wa mutum a leda: mai yiwuwa ka warke, amma in ya juya maka ciki ba ka da sunan da za ka faɗa wa likita.

Ga abin da ya sami cajinka. In ka danna maɓalli, NVDA kan fara duba ko wani ƙari ya yi rajistar wannan maɓallin, sai in babu sannan ya koma kan umarninsa na asali. Mutuminka ya ga NVDA da Shift da B, ya ɗauka fili ne babu mai shi, ya kafa rumfarsa a kai. Mai yiwuwa shi a inda wuta ba ta ɗaukewa yake, bai taɓa buƙatar ya ji sauran caji ba. Mu nan da ake iya ɗauke wuta tun hantsi sai bayan isha'i, wannan maɓallin ya fi mana wasu goma. Da layi ɗaya ya rubuta, cewa ƙarin nan ya karɓe maɓalli kaza, da ka san inda za ka nufa tun ranar farko.

Gwada wannan. Danna NVDA da 1, za ka shiga yanayin taimako, inda maɓalli ba ya aiki sai dai ya faɗi aikinsa. Danna maɓallin da ake rigima a kai. In marubucin ya yi abin da ya kamata, za ka ji bayanin umarnin. Sake danna NVDA da 1 ka fita, sannan ka buɗe menu da NVDA da N, ka shiga Preferences, ka nemi Input gestures. A can ake ganin umarnin kowane ƙari, a cire masa maɓalli a ba shi wani. Sai dai akwai tarko: umarnin da marubucinsa bai rubuta masa bayani a cikin lambar shirin ba, ba ya fitowa a wannan jerin sam. Wato rashin bayanin ba duhu kawai ya bar ka ba, ya ma rufe maka ƙofar da za ka bi ka gyara da kanka. In haka ka tarar, cire ƙarin shi ne mafi sauƙi.

Batun mutuwar ƙarin bayan sabuntawa kuwa, wannan ba laifin mutuminka ba ne kai-tsaye. NV Access, ƙungiyar da ke kula da NVDA, ta saba fitar da manyan canje-canje a sigar farko ta shekara, irin su 2023.1 da 2024.1, kuma duk ƙarin da bai bayyana cewa an gwada shi da sabon tsarin ba, NVDA kan kashe shi da kansa don kada ya ja shi ƙasa. Tsofaffin hannu suna tuna sigar 2019.3, lokacin da aka koma Python 3, sabuwar sigar harshen da ake rubuta NVDA da shi, ƙari da yawa suka kwanta, wasu har yau ba su tashi ba. Laifin mutuminka shi ne bai gaya maka sigar da ya gwada da ita ba. Da ka sani, da ka dakata da sabuntawa har ka gama jarrabawa. Tun sigar 2023.2 da aka kawo shagon ƙari, Add-on Store, akwai damar ka tilasta wa NVDA ya kunna ƙarin da ya kashe. Ban hana ka gwadawa ba, amma ba daren miƙa aiki ba. Kuma kafin ka yi, ka haddace mafita: Control da Alt da N na sake tayar da NVDA, NVDA da Q na ba ka zaɓin sake tashi ba tare da kowane ƙari ba, in kuma komai ya yi tsit, Control da Windows da Enter na kunna Narrator na Windows ya riƙe maka hannu.

Ka sake rubuta masa. Ka fara da godiya, ka faɗi sigar NVDA ɗinka da ta Windows, ka faɗi maɓallin da ya ɓace da abin da kake ji maimakonsa. Sannan ka ce kai za ka rubuta masa bayanin, shi ya duba kawai. Ka san ƙarin nan yanzu fiye da yawancin masu amfani da shi, tunda shi ya cinye maka aiki.

TAMBAYA: Malam, ni mai ido ne, ina rubuta manhaja a wani kamfani a Wuse. Yayata makauniya ce, malamar makaranta, kuma manhajar da suke shigar da makin yara maɓallanta ba su da suna, NVDA sai ya yi ta cewa “button, button”. Na rubuta mata ɗan ƙari ya sanya musu sunaye. Yanzu ƙawayenta da wasu malamai suna ta roƙon in turo musu. Gaskiya ba ni da lokacin rubuta littafi. Mene ne mafi ƙarancin bayanin da zan haɗa in fita haƙƙinsu? Da Hausa ko da Turanci? Ko in yi bidiyo kawai? Daga ƙanin malama, Abuja.

AMSA: Injiniya, Allah ya saka maka, ya bar zumunci. Babu mai neman littafi a wurinka. Shafi ɗaya ya isa, amma shafin da za a iya ji.

Bidiyon dai ka ajiye shi. Kwanaki wata ɗalibata, uwar 'ya'ya ce da ke zuwa bayan ta kai yara makaranta, ta buɗe bayanin wani ƙari a ajinmu. Ta sa kibiyar ƙasa tana sauka. Muryar ta ce “graphic”. Ta sake dannawa, “graphic”. Ta sake, sai ga jimla guda da Turanci, ma'anarta: danna koren maɓallin da ke gefen dama kamar yadda ka gani a hoton sama. Ta cire abin kunne ta ajiye a kan tebur, na ji ƙararsa, ta ce, “Malam, wannan wa ya rubuta wa?” Marubucin ya yi ƙoƙari, ya ɗauki hotuna, ya zana kibiyoyi. Ya manta da wanda zai karanta ne kawai.

Bayaninka wuri uku yake zama, biyu daga ciki ma ba rubutu ba ne mai yawa. Na farko a cikin lambar shirin: kowane umarni ka ba shi jimlar bayani, kamar yadda na gaya wa ɗalibin nan na sama, don ya fito a yanayin taimako kuma a iya canza masa maɓalli. Na biyu fayil ɗin manifest.ini da ke cikin kowane ƙari. Can ake rubuta suna, taƙaitaccen bayani, marubuci, lambar siga, da layuka biyu masu nauyi: minimumNVDAVersion da lastTestedNVDAVersion, wato mafi tsufar sigar da zai yi aiki da ita, da ta ƙarshe da ka gwada. A layin sigar ƙarshen nan ka faɗi gaskiya. Na san samarin da ke buɗe fayil ɗin ƙari, tunda zif ne, wato ƙunshin fayiloli, aka canza wa suna, su ɗaga shekarar da hannu su tura rukuni su ce sun “gyara”. Ba su gyara komai ba, ƙararrawar gargaɗi suka cire. Kai kada ka rubuta sigar da ba ka zauna ka gwada ba.

Na uku shi ne takardar bayani da ke cikin foldar doc, wadda ke buɗewa in mutum ya nemi taimako a kan ƙarin. Ka raba ta da kanun magana na gaske, ba rubutu mai kauri kawai ba, domin mu da harafin H muke tsalle daga kan magana zuwa wani. Kaurin rubutu ido yake yi wa aiki, kunne bai san an yi ba. Ka fara da abin da ƙarin ke yi da abin da ba ya yi, da sunan manhajar makin da lambar sigarta, don ranar da masu ita suka canza fasalinta sunayen da ka sanya za su iya sauka a kan maɓallan da ba nasu ba. Ka yi tunanin maɓallin gogewa ya amsa sunan na adanawa, a makon haɗa sakamako. Ga irin rubutun da nake nufi:

“Wannan ƙari yana faɗin sunayen maɓallan shafin shigar da maki. Ba ya karanta shafin buga sakamako. Don jin sunan ɗalibin da kike kan layinsa, riƙe NVDA da Alt, ki danna S. Bai karɓe wani maɓallin NVDA na asali ba. Ba ya shiga intanet, ba ya ajiye sunayen yara. In ya ba ki matsala, shiga Add-on Store, nemi sunansa cikin waɗanda aka saka, ki zaɓi cirewa, ki sake tayar da NVDA.”

Ka lura na rubuta maɓallan da kalmomi. Alamomi irin su ta tarawa (+) da kibiya, ya danganta da yadda mutum ya saita muryarsa, wani zai ji su wani ba zai ji ba. Ka kuma tuna NVDA na da tsarin madannai biyu, na kwamfutar tebur da na laftof. Yawancin ɗalibaina laftof 'yar Beljiyam gare su, wadda aka sayo a Dilimi ko kan titin Ahmadu Bello, ba ta da rukunin lambobin nan na gefen dama, kuma Caps Lock suke riƙewa a matsayin maɓallin NVDA. In ka ɗora umarninka a kan lambobin gefe ba ka ba da wata hanya ba, ka rufe su a waje. Wasu kuma har yanzu Windows 7 suke kai, alhali NVDA ya daina tafiya a kanta tun sigar 2024.1, to in ƙarinka na buƙatar sabuwar siga ka faɗa tun a layin farko, kada mutum ya ƙona data a banza.

Sai abubuwa biyu da masu rubuta manhaja ke jin kunyar rubutawa. Ɗaya shi ne matsalolin da ka san suna nan. Rubuta su. In ka san yana rikicewa in ajin ya wuce shafi guda, faɗa, malamar za ta san yadda za ta kauce. Ɗayan kuma, ranar da ka gaji, ko aure ya zo, ko aiki ya kai ka Legas, ka ƙara layi ɗaya a sama cewa ka daina kula da shi daga wata kaza, ka bar lambar shirin a GitHub, shafin intanet na ajiye lambobin shirye-shirye, inda wani zai ɗauka. Ba wanda zai zarge ka. Wanda ake zargi shi ne wanda ya ɓace ya bar mutane suna jiran sabuntawar da ba za ta zo ba.

Harshe kuwa, yi duka biyun a fayil ɗaya. NVDA na buɗe takardar da ta dace da harshen da aka saita shi a kai, in babu ya koma ta Turanci, mu kuma kusan dukanmu a Turanci muka bar shi. In ka ɓoye Hausar a wata folda daban ba mai isa gare ta. Sa Hausa a sama, Turanci a ƙasa, kowanne da kansa.

In ka gama, ga jarrabawar. Ka ba Yaya fayil ɗin da takardar a filash, ka zauna gefe, ka sa hannuwanka a aljihu, ka kama bakinka. Duk inda ta tsaya ta ce “to yanzu fa?”, nan ne jimla ta ɓace. Kada ka amsa mata da baki, rubuta amsar a takardar.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciyar gwamnati ce a Abuja, da JAWS nake aiki. Wani abokin aikinmu ya rubuta min sikirif da ke karanta manhajar rajistar wasiƙu ta ofis, shekaru ina amfani da shi lafiya. Ya bar aiki ya tafi ƙasar waje. An canza min kwamfuta, an sa sabon JAWS, yaron sashen kwamfuta ya kwafo fayil ɗaya mai ƙarewa da jsb, amma ba abin da ke aiki. Ya ce shi bai san kan abin ba. Mene ne abin yi? Daga wata Hajiya, Garki.

AMSA: Ranki ya daɗe, yaron bai yi ƙarya ba, kuma abin da ya kwafo rabin kaya ne.

JAWS ya girmi NVDA nesa. Ted Henter, ɗan tseren babur da ya makance a haɗarin mota a 1978, shi ya kafa kamfanin da ya yi shi, na Windows ya fito a 1995, yanzu kuma Freedom Scientific ke sayar da shi. Tun da daɗewa suka raba sikirif gida-gida, kowane fayil da aikinsa, duk da suna ɗaya sai ƙarshen ya bambanta. Mai jss shi ne ainihin rubutun da mutum zai iya karantawa ya gyara. Mai jsb shi ne wanda aka sarrafa don inji, mutum ba ya karanta shi. Mai jkm shi ke haɗa kowane umarni da maɓallinsa. Mai jsd kuma shi ne na bayani, daga cikinsa JAWS ke karanto miki aikin maɓalli in kin danna Insert da 1 kika shiga yanayin taimako: danna maɓallin sau ɗaya taƙaitawa, sau biyu da sauri cikakken bayani. Wani lokaci akwai jsh da jsm da jcf a tare.

Kin ga ke nan, jsb shi kaɗai ba tare da jkm ba, umarnin suna nan amma ba maɓallin da zai kira su. Mai yiwuwa matsalarki ke nan gaba ɗaya. In tsohuwar kwamfutar ba a goge ta ba, ki sa a nemo ta yau, kafin a kai ta sito. Kowace sigar JAWS da foldar saitinta, ana shiga ta menu na Utilities. A kwaso duk fayil ɗin da ke da sunan manhajar rajistar, a zuba a foldar sabuwar siga. In an samu jss, a buɗe manhajar, a danna Insert da 0 don buɗe Script Manager, a danna Control da S ya sake sarrafa shi. Insert da Q zai gaya miki ko sikirif ɗin ya hau.

In jss ya ɓata, to ki nemi mutumin ta kowace hanya, ki roƙe shi ya duba tsofaffin imel ɗinsa. Wanda ya yi miki wannan aikin don Allah, da wuya ya hana ki fayil.

Amma zan faɗi abin da ba ki tambaya ba. Ba daidai ba ne aikin ma'aikaciyar gwamnati ya rataya a kan alherin mutum ɗaya da ba a rubuta ko'ina ba. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta nemi ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙarin ba mu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma kafa hukumar ƙasa mai kula da al'amuranmu, nan Abuja kusa da ke. Ɗaukar mutum aiki a ba shi manhajar da ba zai iya ji ba, rabin ɗauka ne. Ki rubuta wa shugaban sashenku a takarda, ki nemi a ɗauki sikirif ɗin nan a matsayin kayan ofis: a ajiye kwafinsa wurin sashen kwamfuta, da shafi ɗaya mai faɗin sunayen fayilolin, inda ake zuba su, da maɓallan. In sai an biya wani ya sake rubutawa, ofis ne zai biya, kuma a sa a yarjejeniya cewa jss da jsd na cikin abin da zai miƙa.

TAMBAYA: Malam, wai gaskiya ne ƙari na iya satar lambar sirrin banki? Daga mai POS, Bukuru.

AMSA: Zai iya, ɗan'uwa. Ƙari shiri ne cikakke, duk abin da NVDA ke iya gani a allo ko ji daga madannai, shi ma yana iya kaiwa gare shi. Shagon NVDA kansa yana gargaɗi cewa kasancewar ƙari a ciki ba ya nufin NV Access ta tantance shi, balle wanda aka turo a WhatsApp an yi ta miƙawa hannu zuwa hannu. Ba na cewa masu rubutawa ɓarayi ne, ban taɓa cin karo da hakan cikin mutanenmu ba. Amma masu fassara da masu bayyana hoto da yawa sai sun tura abin da ke allonka zuwa wata kwamfuta a intanet kafin su dawo da amsa, kuma wajibi ne takardar ta faɗi haka, ta faɗi ina ake turawa. Ƙarin da ba sunan marubuci, ba adireshin da lambarsa take, ba bayani, kada ya kwana a kwamfutar da kake taɓa kuɗin mutane da ita.

TAMBAYA: Malam, ina koyar da yara makafi a wajen Gindiri. Wanda ke rubuta mana ƙari ba ya son rubutu, sai dai ya yi saƙon murya ya bayyana komai, kuma yaran suna fahimta sosai. Wannan bai wadatar ba? Ni ban iya rubuta manhaja ba balle in taimaka. Daga wata malama, Mangu.

AMSA: Malama, a gaida mutanen Gindiri, garin da tun 1953 ake koya wa makafi karatu. Saƙon murya na da kyau, ni ma ina yi, kuma don koyon farko ya fi rubutu, saboda yaro na jin yadda NVDA ke amsawa a bayan muryar mai bayani. Matsalarsa sai bayan wata uku take fitowa. Yaro ya manta maɓalli ɗaya, sai ya saurari minti goma sha biyar, har da gaisuwa da kukan zakara, kafin ya iso wurin. Ba a bincika kalma a cikin murya. Waya ta cika a goge, ko ta faɗa ruwa, shi ke nan. Ƙarin ya tafi Yola a filash, saƙon ya tsaya a wayarki. Sannan akwai 'yan'uwanmu da ba sa gani kuma ba sa ji sosai, waɗanda da allon Braille suke karanta kwamfuta, su murya ba ta isa gare su.

Cewa ba ki iya rubuta manhaja ba kuwa, wannan aikin ba ya buƙatar haka. Ki zauna da saƙon nasa, ki saurara kina tsayarwa, ki rubuta kowane maɓalli da aikinsa, ki gwada shi a kwamfuta kafin ki wuce na gaba. Manyan ɗalibanki ma za su iya, ya zama darasin buga rubutu na mako guda. A saman shafin ki sa sunan ƙarin, lambar sigarsa, sigar NVDA da kuka gwada da ita, da watan da kuka rubuta. Ki tura masa ya duba ya saka a foldar doc, ki roƙe shi ya ƙara sunayen yaran da suka yi aikin a ƙasa in iyayensu sun yarda. In ya fitar da sabuwar siga, saƙon murya na minti ɗaya mai faɗin abin da ya canza ya ishe ku ku gyara shafin.